Tarihin Rum da Girka ba na Nasara kaɗai ba ne

Jama'a, in ɗanmu ya ce zai karanci tarihin Rum da Girka a jami'a, sai mu ce labarin Nasara ne, ɓata lokaci. To, mu saurara. Septimius Severus, wanda ya mulki Rum daga 193 zuwa 211 miladiyya, haifaffen Libiya ne. A Fazzan kuwa, inda samarinmu ke ratsawa daga Agadas, mutanen Garamant sun gina birane, suna fatauci da Rumawa. Sun haƙa hanyoyin ruwa ƙarƙashin ƙasa don ban-ruwan gonaki. Masana na ganin janyewar ruwan nan na cikin abin da ya karya su. Mu da rijiyoyinmu ke ƙafewa da rani, karatun ga namu ne. Mu bar yara su yi shi.