Madatsar Ruwa ta Goronyo

Madatsar ruwa ta Goronyo tana kan Gulbin Rima ne, a gabashin Jihar Sakkwato. An kammala gininta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. An tsara ta don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, saboda noman rani, da ruwan sha na birnin Sakkwato, da rage ɓarnar ambaliya.

Ruwan da ke taruwa a cikinta ba na Nijeriya kaɗai ba ne. Ɗaya daga cikin rassan da ke shayar da Rima, wato Gulbin Maraɗi, daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jamhuriyar Nijar, sannan ya komo Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Duk wanda ya tare shi a sama, na ƙasa zai ji a jika. Hakan ta faru bayan gina madatsar Jibiya a saman gulbin, lokacin da manoman fadamar Maraɗi suka ga ruwa ya ja baya. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu kan Yarjejeniyar Maiduguri, wadda ta tanadi raba ruwan kogunan da suka yi tarayya a kai bisa adalci, har da na Maraɗi. Tanadin yana da kyau a takarda, amma manomin da ke bakin gulbi bai cika ganin tasirinsa a gonarsa ba.

An gina Goronyo kafin Nijeriya ta kafa dokar da ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli, wadda ta fito a 1992. Alhali darasin yana nan kusa: a madatsar Bakolori, kan Gulbin Sakkwato, manoman da aka tasa daga gonakinsu sun yi zanga-zanga kan diyya, kuma a 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da dama. Garuruwan da ke ƙasa da madatsar Bakolori, a kan gulbin da ya bi ta Rabah, sun rasa malalar da ke cika fadama kowace damina. Noman shinkafa ya ragu, kamun kifi ma haka, kuma ba a sa su cikin lissafin diyya ba.

A Satumbar 2010 madatsar Goronyo ta cika maƙil, aka saki ruwa, ya cinye gidaje da gonaki a Goronyo da Wurno, ya kuma karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuwa sai ruwan ya janye, abin da ya saura bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, laka kuma ta cike wani ɓangare na tafkin. A duka biyun, mutanen fadama ne suka fi kowa asara, kuma su ne ba su da ta cewa kan ranar buɗe ƙofofi ko rufe su.

Shirin gyara noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya haɗa da tsakiyar kwarin Rima. Ya zo da sharuɗɗan duba lafiyar madatsar, da biyan diyya ga wanda aiki ya shafa, da kafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa domin su sa baki a rabonsa.