Koren jajjage: haɗin ɗoɗɗoya da lawashi

Koren jajjage ɗanyen ganye ne da ake dakawa a turmi a zuba masa mai, a ci da shinkafa, dafaffiyar doya, taliya ko gasasshen nama. Ba ruwansa da tumatir, shi ya sa yake rufin asiri da damina, lokacin da tumatir ke tsada tun daga nan Kwamba, Suleja, har Mile 12 a Legas.

Ginshiƙinsa ɗoɗɗoya. Wanda ke Legas ko Sabon Ibadan ya tambayi efirin, a Anacha kuwa nchanwu ake ce mata. Ana haɗa damƙi 2 na ɗoɗɗoya da damƙi 1 na ɗanyen lawashi, attarugu 2, ƙwayar tafarnuwa 3, 'yar citta da gishiri. A wanke ganyen sosai, a baza shi ya tsane, don ruwa ke saurin lalata shi. A fara daka tafarnuwa da attarugu, sannan ganye. Injin markaɗe yana sa shi ya yi ruwa-ruwa, turmi ya fi. Sai man gyaɗa cokali 5, a matse rabin lemun tsami a ƙarshe. A kan balangu mai kitse dai ya fi yaji daɗi, a wajena. Mutanen Senegal ma suna da irinsa, rof, da suke cusa wa kifi.

Sai a kula, ɗanyen ganye da tafarnuwa cikin mai ba sa jure zafi. A firji, kwana 3 zuwa 4. In babu wuta, a yi na yini ɗaya kawai, kuma kada a tsoma cokalin da aka ci da shi.