Daga Dafin Kibiya zuwa Gubar Dalma: Abin da Tarihin Zamfara ke Nema a Ajin Harhaɗa Magunguna

Ilimin guba ya daɗe a ƙasar Zamfara kafin a gina jami'a ko ɗaya a Arewa. A zamanin da Namoda ya jagoranci Alibawa a yaƙe-yaƙen jihadi, har aka ci Alkalawa a 1808, kwari da baka ne makamin dakaru, kuma kibiyar da ba a shafa wa dafi ba ba ta cika makami ba. Maharban dazuzzukan Zurmi da Shinkafi, kamar takwarorinsu na sauran ƙasar Hausa, sun san yadda ake dafa 'ya'yan kwankwani da wasu haɗe-haɗe har su yi kauri, sun san wa'adin da dabba ke ɗauka kafin ta faɗi, kuma kowane gida na da makarin da yake taƙama da shi. Turawa ma sun ɗanɗana: kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh a Burmi a 1903. Dangin wannan kwankwani ne Thomas Fraser ya tace a Edinbura, ya fitar da sinadarin da likitocin Turai suka shafe shekaru suna bai wa masu ciwon zuciya. Abin da ke tsayar da zuciyar ɓauna, in an rage shi ƙwarai, shi ke ƙarfafa ta majinyaci. Wannan ce ƙa'idar farko da ake koya wa ɗalibin harhaɗa magunguna, wadda Paracelsus ya rubuta a 1538, cewa adadin da ya shiga jiki shi ke raba magani da guba.

Sai dai ilimin maharba na da iyaka, kuma a wannan iyakar ce nake ganin ya kamata koyarwar jami'a ta fi nauyi. Dafin da suka sani mai gaggawa ne, ana ganin wanda ya harba, ana ganin wanda ya faɗi. Gubobin da ƙarni na 20 ya kawo ba su da wannan hali. Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, amma sai bayan mutuwar talo-talo masu ɗimbin yawa a Ingila a 1960 aka gano cewa funfunar da ke kama gyaɗar da ba ta bushe ba na fitar da aflatoksin, mai cin hanta a hankali har ya kai ga daji. Daga baya magungunan feshi suka cika kasuwannin ƙauye, ana zuba fiya-fiya a buhun wake don ƙwari, har Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Abin lura, atrofin da ake ceton wanda ya sha fiya-fiya da shi yana cikin sinadaran zaƙami, tsiron nan da ke gusar da hankalin samari.

Mafi munin darasi ya zo a 2010. A watan Maris ma'aikatan Ƙungiyar Likitocin Sa-kai ta MSF suka ci karo da mace-macen yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yara na amai, suna taune-taune, suna suma, aka yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sauƙi. Ashe farashin zinari da ya tashi ne ya sa ake kawo duwatsu cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, dutsen kuwa cike yake da dalma. Dalmar da ke jinin yara da yawa ta zarce maikurogiram 65 a kowace desilita, iyakar abin da na'urar gwajin ke iya karantawa, alhali tun daga 45 ake fara ba da maganin da ke tsamo dalma. Fiye da yara 400 suka rasu. Duk babin da ke littafin ilimin guba ya bayyana a nan: hanyar shiga, wato ƙura daga hannu zuwa baki, bambancin jiki, domin hanjin yaro na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, taruwa a ƙashi tsawon shekaru, da kuma cewa magani ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ba a kwashe ƙasarsa ba. Shi ya sa jinyar yaran Bagega, wani garin da gubar ta shafa, ta jira har aka share garin a 2013.

Wani zai ce matsalar ta Anka da Bukkuyum ce, ba ta sauran sassan Zamfara irin su Ƙaura da Shinkafi ba. Haka ne, amma masu haƙar zinari ba sa tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma, kuma a 2015 irin wannan masifa ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalma ma ba sai a ramin haƙa ba: tozalin dutse da ake sa wa jarirai yakan ƙunshe ta, haka tsofaffin batura. Masu cewa kakanni sun sa tozali ba abin da ya same su suna auna cuta da ma'aunin maharbi ne, wato in ba a faɗi ba to lafiya lau. Raguwar kaifin ƙwaƙwalwar yaro kuwa ba ta faɗar da kowa.

Ƙorafi mai ƙarfi shi ne cewa gano cuta aikin likita ne. Amma a garuruwan da rashin tsaro ya rufe ɗakunan shan magani da dama, uwar da ɗanta ke taune-taune shagon kemis take fara zuwa, kuma masu digirin harhaɗa magunguna ne ke cikin hukumomin da ke ba waɗannan shaguna lasisi da sa musu ido. Guba ma takan fito daga kwalbar magani kanta: ruwan farasitamol da aka haɗa da gurɓataccen sinadari ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan a 1990, sannan wani maganin yara mai suna My Pikin ya kashe 84 daga ƙarshen 2008. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Ahmadu Bello da aka haddatar da shi sunayen makarai don jarrabawa zai san succimer ne maganin dalma. Wanda aka koya wa tarihin Dareta, in ya ga yara uku daga unguwa ɗaya maganin zazzaɓi ya ƙi su, zai tambayi uwar sana'ar da ake yi a tsakar gidansu.