Takardar rangwame da kuɗin cefane: yadda lamarin yake a Maiduguri

Takardar rangwame, wadda Turawa ke kira kufon, shaida ce da kamfani ko mai kanti ko wata hukuma ke bai wa mai saye domin a rage masa wani kaso na farashin kaya, ko kuma a ba shi kayan ba tare da ya biya ba. Takan zo a matsayin ’yar takarda, ko kati mai kama da na banki, ko lambobin da ake turowa ta wayar salula. Ko wace iri ce, sharuɗɗa uku ne ke ɗaure ta: kayan da ta shafa, shagon da zai karɓe ta, da ranar da wa’adinta zai ƙare.

A Amurka aka fara wannan dabara. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Coca-Cola ya riƙa raba takardun da ke bai wa mutum damar shan kofi ɗaya kyauta, domin jama’a su saba da lemon. Daga baya masu yin kayan abinci suka bi sahu, har yanko takardun daga jaridun ranar Lahadi ya zama al’adar iyalai da dama. A 1939 gwamnatin ƙasar ta ɓullo da nata tsarin, inda ake bai wa masu ƙaramin ƙarfi takardun sayen abinci. Tun daga nan takardar ta rabu gida biyu: ta talla da ta tallafi.

Ta talla ba ta yi tasiri a Maiduguri ba, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Takardar rangwame na aiki ne inda aka liƙa wa kaya farashi ɗaya, alhali yawancin magidanta a Kasuwar Monday Market ko ta Gamboru suke cefane, kifi kuma a kasuwar Hanyar Baga, wuraren da sai an taya, an ce albarka, kafin a sallama. Ragin da ake samu a nan a baki yake, kuma sabo ne ke jawo shi. Gyaran da mai tumatir ke ɗora wa wanda ya saba saye a wurinsa, da tozon da mai awo ke bari a kan mudu, su ma rangwame ne, sai dai babu wanda ke rubuta su. Manyan kantunan zamani da masu sayar da kaya ta intanet ne kan yi garaɓasa, galibi gabanin azumi da sallah.

Takardar tallafi

Wadda mutanen Borno suka fi sani ita ce ta agaji. Bayan rikicin Boko Haram ya raba ɗimbin jama’a da gonakinsu, Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato WFP, ta fara aiki gadan-gadan a Arewa maso Gabas a 2016. Ita da wasu ƙungiyoyin agaji sun yi amfani da hanyoyi uku: rabon hatsi kai tsaye, tura kuɗi, da katin sayen abinci. A tsarin kati, ana yi wa iyali rajista, a loda musu wani adadi a kowane wata, mai katin ya je shagon da aka ƙulla yarjejeniya da shi ya zaɓi abin da yake so daga jerin kayan da aka amince da su, sannan a cire kuɗin ta na’ura.

Amfanin wannan tsari shi ne uwargida ce ke zaɓar abin da gidanta ke ci, kuma kuɗin na shiga hannun ’yan kasuwar gari. Rauninsa kuwa yana ga farashi. Katin da aka loda wa adadi ɗaya yakan rage daraja duk lokacin da kaya suka tashi, kuma sun tashi ƙwarai bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a watan Yunin 2024. Maiduguri ta ƙara da nata jarrabawar: gobarar da ta cinye Monday Market a watan Fabrairun 2023, sai ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumbar 2024. Sannan tallafin ba gado ba ne. A watan Yulin 2025 WFP ta yi gargaɗin cewa ƙarancin kuɗi zai tilasta mata dakatar da agajin da take bai wa mutum miliyan 1.3 a yankin.

Gwamnati ma kan sayar da abinci a kan rangwame. A watan Satumbar 2024 Ministan Noma, Sanata Abubakar Kyari, wanda ɗan jihar Borno ne, ya ƙaddamar da sayar da buhun shinkafa mai kilo 50 a kan Naira 40,000, buhu ɗaya ga mutum ɗaya, bisa sharaɗin gabatar da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. A nan lambar ce ta maye gurbin takarda.

Yadda ake gane ko an samu sauƙi

Ba abin da aka rubuta a jikin takarda ne ma’auni ba, farashin kasuwa ne. A ƙaddara wani kanti ya sa wa galan ɗin man gyaɗa Naira 10,000, ya ce ya rage kashi 10 cikin 100. Mai saye zai biya Naira 9,000. Idan a kasuwa ana samun irinsa a kan 8,800, kuma sai an biya kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa kafin a kai ga kantin, to wanda ya yi murnar rangwame shi ne ya yi asara. Haka nan ragin da ya sa mutum ya sayi abin da ba ya cikin lissafin gidansa ƙarin ɗawainiya ne. Yana da kyau a duba ranar lalacewar kaya, domin sau da yawa madara ko taliyar da wa’adinta ya kusa ƙarewa ake karya wa farashi.

Ga mai katin tallafi, babbar asara ita ce sayar da katin, ko karɓar kaya a juya a sayar da su ƙasa da darajarsu saboda buƙatar kuɗin magani ko na makaranta. Ba za a ga laifin wanda lalura ta matsa wa ba, amma dai dillali ne ke cin ribar. Mai kati na da ’yancin sanin abin da ya rage a ciki, da kwatanta farashin shagon da na kasuwa, da kai ƙorafi ga hukumar da ta ba shi idan ya ga an tauye masa awo.

Ragin da ya fi kowace takarda girma a wannan yanki lokaci ne ke kawo shi. Gero da masara da wake sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, suna kuma tsada tsakanin Yuni da Agusta lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Borno na da ƙarin dama: masakwa, dawar rani da ake nomawa a ƙasar firgi, tana shigowa kasuwa a farkon shekara, ga kuma shinkafar fadamar Jere ta wajen Zabarmari. Maƙwabta ko ma’aikatan ofis ɗaya kan haɗa kuɗi, ko su sa kwasar adashe ta faɗo a kan kaka, su sayi buhu a farashin sari su raba da mudu. Sharaɗin kawai shi ne ajiya mai kyau, musamman ga wake, wanda ƙwari ke saurin ɓatawa idan ba a sa shi a jarka ko buhu mai hana iska shiga ba.

Akwai kuma takardun bogi. Saƙonni na yawo a WhatsApp da Facebook da sunan gwamnati ko wata hukumar agaji, ana cewa a latsa wani adireshi domin karɓar katin abinci. Hukumomin agaji ba sa karɓar kuɗi kafin su yi wa mutum rajista, kuma babu wani rabon abinci na gaskiya da ke buƙatar lambar sirrin katin banki ko lambobin da banki ke turowa ta waya.