Ƙa'idojin CSS marasa amfani: Yadda suke nauyaya shafin intanet da yadda ake share su

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin intanet a wayarsa ya zauna yana kallon farin allo na daƙiƙoƙi kafin rubutu ya bayyana, ya kan ɗora laifin a kan raunin sabis. Sau da yawa haka ne. Amma a wasu lokutan matsalar tana daga shafin kansa, domin an ɗora masa kayan da ba ya amfani da su. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kaya shi ne tarin ƙa'idojin CSS da babu abin da suke tsinana wa shafin.

Mene ne CSS?

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su samar da shafin intanet. HTML shi ne ginin, wato rubutu da hotuna da kanun bayanai. JavaScript shi ke kula da motsi da amsa wa mai ziyara idan ya latsa wani abu. CSS kuwa shi ne ado da tsari: launi, girman haruffa, tazara, da wurin da kowane abu zai zauna a allo.

Wani masani ɗan ƙasar Norway, Håkon Wium Lie, shi ya gabatar da shawarar CSS a 1994 lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN. A watan Disambar 1996 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da kashin farko nasa a hukumance.

Fayil ɗin CSS jerin ƙa'idoji ne. Kowace ƙa'ida tana ambaton abin da take nufi, sannan ta faɗi yadda za a ƙawata shi. Alal misali, wata za ta ce duk maɓallin da aka laƙaba wa suna kaza a yi masa launin kore da farin rubutu. Idan babu maɓalli mai wannan laƙabi a shafin, ƙa'idar ta zama marar amfani, amma duk da haka sai wayar mai ziyara ta sauke ta.

Daga ina suke taruwa?

Hanya ta farko ita ce kayan gini da aka shirya tun tuni. Bootstrap, wanda Mark Otto da Jacob Thornton suka ƙirƙira a kamfanin Twitter aka fitar da shi a 2011, yana ɗauke da ado ga kusan duk abin da shafi zai iya buƙata. Fayil ɗinsa na CSS a sababbin fitowa ya haura kilobait 150, alhali ƙaramin shafin kanti ko na ofis ɗan kaɗan yake taɓawa daga ciki. Haka abin yake a shafukan da aka gina da WordPress, inda kowane ƙarin da aka saka yake zuwa da nasa fayil, kuma wasu kan loda shi a kowane shafi ko da a wuri guda ake buƙatarsa.

Hanya ta biyu ita ce tsufa. A sauya fasalin shafi, a cire sashen talla, maginin farko ya bar aiki wani ya gaje shi. Sabon yana tsoron goge abin da bai san amfaninsa ba, sai ya ƙara nasa a kai. Shekara da shekara fayil ɗin yana kumbura.

Illar da suke yi

A ma'aunin data, hotuna da bidiyo sun fi CSS nauyi nesa ba kusa ba. Sai dai CSS yana da wata ɗabi'a ta daban: burauza ba ta nuna komai a allo sai ta gama sauke fayil ɗin ta karance shi, don kada shafin ya fito a hargitse. Saboda haka duk ƙarin nauyi a cikinsa ƙarin jira ne, kuma abin ya fi tsanani a ƙaramar waya da kuma inda sabis ke da rauni.

Ga ɗan kasuwa, wannan jira na iya zama asarar ciniki, domin mai saye ba ya daɗewa a shafin da ya ƙi buɗewa. Ga ma'aikatar gwamnati, yana nufin wahalar da mai neman cike fom. Ƙari a kan haka, tun 2010 Google ya sanya saurin buɗewar shafi cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. A Najeriya kuma, inda hukumar NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba a raina kowane irin ragi.

Yadda ake gano su da share su

Burauzar Chrome tana da wani sashe mai suna Coverage cikin kayan aikin magina, wanda aka ƙara a 2017. Yana nuna kaso nawa na fayil shafin ya yi amfani da shi, ya yi wa sauran alama. Shafin PageSpeed Insights na Google ma yana bayar da irin wannan rahoto kyauta, kuma mai shafi zai iya duba nasa da kansa ta hanyar saka adireshinsa kawai.

Wajen sharewa, magina kan yi amfani da manhajoji irin su PurgeCSS da UnCSS, waɗanda ke gwada fayil ɗin da abin da ke cikin shafukan, su zubar da abin da ba su ga an kira ba. Tailwind CSS kuwa, tun fitowarsa ta uku a 2021, ƙa'idojin da aka yi amfani da su kaɗai yake samarwa tun farko.

Ya kamata a bambanta wannan da matse fayil ta hanyar Gzip ko Brotli. Matsewa tana rage girmansa a kan hanya, amma da ya isa waya sai an warware shi an karanta duka.

Inda haɗarin yake

Rashin ganin ƙa'ida tana aiki a lokacin gwaji ba ya nufin ba ta da amfani. Wasu sai an latsa maɓalli suke aiki, wasu sai an buɗe shafin a ƙaramin allo, ko an zo buga shi a takarda. Jan rubutun da ke gargaɗin mai saye cewa biyan kuɗinsa bai shiga ba, sai an samu kuskure yake fitowa. Idan aka share ƙa'idarsa, gargaɗin na iya ɓacewa, mutum ya tafi yana zaton ya biya. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Don haka ƙwararru kan ajiye kwafin ainihin fayil, su rubuta jerin ƙa'idojin da ba za a taɓa ba, sannan su gwada aikin a kwafin shafin kafin a saki na jama'a. Mai shafin da ya ba da irin wannan aiki ya kamata ya nemi rahoton girman fayil kafin aikin da bayansa, kuma ya bi shafin da wayarsa tun daga zaɓen kaya har zuwa biyan kuɗi kafin ya sallami magini.