Lissafin Tafiya London a Zamanin En'e

Cikin 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi London a kan hanyarsa ta zuwa Makka. Cikin 1934 kuma Sarkin Musulmi Hasan, da Sarkin Gwandu Usman, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka tafi tare. Jama'a na tuna alfarmar, amma ba safai akan tuna lissafin ba.

Hanya doguwa ce: jirgin ƙasa zuwa Ikko, sa'an nan jirgin ruwa wajen mako biyu. Da dogo ya kai Nguru cikin 1930, mutumin Haɗejiya ya sami tasha kusa, a Malam Madori. Kowane zango da kuɗinsa: na jirgi, da masauki, da abinci, da tufafin sanyi, da guzurin 'yan rakiya, fam da sule har kwabo.

Ka'idar Baitulmali kuwa ita ce, Ma'aji ba ya fid da kuɗi sai abin da aka rubuta cikin kasafin shekara, Razdan ya duba, Gwamna ya yarda. Gama dukiyar nan harajin manomi ce da jangalin makiyayi. Ya ku ma'aikata, wanda aka ba amanar nan, ya ƙidaya kafin ya ɗaura sirdi.