Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya: ƙungiyoyin ɗalibai da yadda baƙo zai sami wadda ta dace da shi

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962, tana cikin manyan jami'o'in Afirka ta Yamma. Babban mazauninta yana Samaru, tsangayar shari'a da ta harkokin mulki suna Kongo, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Ɗalibin da ya zo daga Garwa, Njamena, Maradi ko Parakou yakan tarar da abubuwa biyu. Hausarsa tana isar masa a kasuwa da tasha da masallaci, amma darasi da jarrabawa duk da Turancin Ingilishi ake yin su. Wanda ya yi makarantar Faransanci, idan ya keɓe kansa a ɗaki, harshen zai daɗe bai kama bakinsa ba. A ƙungiyoyin ɗalibai ne akasari ake samun abokai, a kuma saba da magana.

Ire-iren ƙungiyoyin

Ƙungiyar da jami'a ta amince da ita tana da rajista a sashen kula da harkokin ɗalibai, tana da shugabanni zaɓaɓɓu da malamin da ke ba ta shawara. Ana iya kasa su gida huɗu.

Na farko su ne na sassan karatu: kowane sashe yana da ƙungiyar ɗalibansa, wadda ke shirya bitar darasi da bikin tarbar sababbi. Na biyu su ne na 'yan gida ɗaya, wato 'yan jiha ko ƙaramar hukuma ko ƙasa guda. Na uku na addini ne, kamar MSSN ta ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, da FCS ta ɗalibai Kirista, wadda ta faro daga Gindiri a 1957. Na huɗu su ne na sha'awa da aikin sa-kai: wasan kwaikwayo, rubutu, muhawara, zane, wasanni, da irin su Red Cross da Rotaract.

Masu zane

Sunan Zariya a fagen zane ya girmi jami'ar kanta. A 1958 wasu ɗalibai na kwalejin fasaha da kimiyya da daga baya ta zama ɓangaren jami'ar suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ƙi yarda a ce zanen Turai kaɗai ne ma'auni, suka dage a haɗa dabarun da aka koya musu da zane-zanen gargajiyar gida. Ƙungiyar ba ta wuce 'yan shekaru ba, amma mambobinta sun zama jagororin zanen zamani a Nijeriya. Har yau harabar sashen zane cike take da sassaƙe-sassaƙen ɗalibai, kuma baje kolin ayyukan 'yan ajin ƙarshe wuri ne da mai sha'awa zai san masu sana'ar.

Masu wasan kwaikwayo

Dandalin wasan kwaikwayon jami'ar, wanda ake kira Drama Village, an gina shi ne a shekarun 1970 bisa tsarin ginin ƙasa na Hausawa, kuma Steven Ehrlich, wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, shi ya tsara shi. A zamanin ne malamai irin su Michael Etherton suka fara fita da ɗalibai cikin garin Samaru da ƙauyuka kamar Soba da Maska. Ɗalibai sukan zauna da mutane, su ji matsalolinsu na ruwa ko taki ko lafiya, su mayar da su wasa, su nuna shi a dandalin gari, sannan a buɗe tattaunawa. Wannan salo ne aka sani da wasan kwaikwayo don ci-gaban al'umma, kuma Zariya na cikin cibiyoyinsa a Afirka.

A nan ɗalibin da ya tsallako iyaka yake da riba: irin wannan wasa da Hausa ake yin yawancinsa, don haka wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya zama shi ne gwanin fage.

Hausa, Faransanci da wasanni

Masu nazarin Hausa suna da ƙungiyarsu, wadda ke shirya taron waƙa, kacici-kacici da nunin al'adu. Karin harshen Damagaram ko na zangon Kumasi abin sha'awa ne a wurinsu, domin abin da suke karantawa a littafi ne ya zo musu da ƙafarsa. Haka ɗaliban sashen Faransanci kullum suna neman wanda za su yi hira da shi, kuma musayar mai sauƙi ce: sa'a guda ta Faransanci, sa'a guda ta Turanci.

A wasanni kuwa, ƙwallon kwando ta yi suna a Zariya. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019, a garin ya tashi, kuma a hannun koci Oliver Johnson ya fara koyon wasan.

Yadda ake nema

Makonnin farko na zangon karatu su ne lokacin da ƙungiyoyi ke neman sababbin mambobi. Ana liƙa sanarwa a allunan tsangayoyi da ɗakunan kwana, ana kuma yaɗa ta a zaurukan WhatsApp na aji. Tsofaffin ɗalibai sukan ba da shawarar a halarci zama biyu ko uku kafin a biya kuɗin rajista, kuma kada a wuce ƙungiya biyu a shekarar farko, saboda makin shekarar yana shiga lissafin digiri. Ƙungiyar 'yan gida tana da amfani wajen masauki da takardun zama da ranar rashin lafiya, sai dai wanda ya tsaya a kanta kaɗai zai gama jami'a da abokan da ya zo da su.

Abin da za a kiyaye

Ƙungiyoyin asiri haramtattu ne a jami'o'in Nijeriya, kuma hukuncin shiga su kora ce. Asalinsu ana danganta shi da wata ƙungiyar zumunci da Wole Soyinka da abokansa suka kafa a Ibadan a 1952, amma waɗanda suka ɓalle daga baya sun koma ta'addanci. Ranar 10 ga Yuli 1999 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi suka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Ile-Ife. Baƙon da ba shi da kowa shi suka fi farauta, da alkawarin kariya ko kuɗi.

Alamominsu sanannu ne: taron dare a wurin da ba a faɗa sai lokaci ya yi, rantsuwar rufe baki, da rashin sunan malami mai ba da shawara. Ga ɗan wata ƙasa, kora tana tafiya da izinin zama da kuɗin da iyaye suka kashe. Duk ƙungiyar da ake shakkarta, ana iya tambayar sunanta a sashen kula da harkokin ɗalibai kafin a sa hannu.